Babi na Shida: Wa Zai Sauke Ka?

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake shirin fita ƙasar waje a garuruwan kudancin Kano, daga Bebeji da Ƙiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, ya san magana ɗaya ce take hana mai tafiya da danginsa barci: biza ta fito ko ba ta fito ba. Saboda ita ake karyar da buhunan masara tun da kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, a jinginar da fadama, wani lokaci har a kai shanun huɗa kasuwa ga damina ta ƙarato. Ranar da dillali ya turo hotonta ta waya sai gida ya kaure da murna, maƙwabta su yi ta shigowa ana Allah ya sa alheri, kamar an riga an isa. Da wuya ka ji wani ya tsayar da zancen ya ce, to, idan ya sauka a Jidda a ɗakin wa zai kwana, kuma shi mai ɗakin da wace takarda yake zaune? In ma an tambaya, amsar ba ta wuce "akwai mutanenmu a can". Abin da nake so in kafa a wannan babi shi ne, wannan tambaya da ake tsallakewa ita ce uwar tafiyar. A zamanin nan izinin zama da wurin kwana a ɗaure suke da juna. Irin bizar da mutum ya shiga da ita ce take yanke masa irin ɗakin da zai samu, da wanda zai iya ba shi, da abin da zai same shi ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Mutanen wannan yanki ba baƙin tafiya ba ne, kuma kakanninsu sun fi mu riƙo da wannan ƙa'ida. Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar fatake da ta tashi daga Kano ta bi ta Zariya, ta tsallaka Kwara, ta ratsa Bargu har Gwanja. Baturen nan Hugh Clapperton ya bi ta garin a 1826, ya same shi maƙil da jama'a da ciniki. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro. Bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta koma Akra da zama, babban birnin Gana na yau, kuma da ya tasa sai ya bi ayari har ya iske ta a can. A lura da yadda abin ya kasance: saurayi ya bar gida a cikin ayarin da aka san madugunsa, zuwa wurin wadda ta riga shi kafuwa. Daga baya ne ya shiga kai goro Legas ta jirgin ruwa, kafin ya zauna a Kano ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa, har rasuwarsa a 1955. Ana ba da labarinsa don a nuna himma da tattali, gaskiya ne kuwa, amma himmar nan a kan wata shimfiɗa ta taka, ta masaukai da amana, wadda ta miƙe daga Kano har bakin teku.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne maigida, wanda ake kuma kira fatoma. Tsohon baƙo ne da ya zauna ya yi ƙarfi a Salaga ko Kumasi ko Sabon Ibadan, yana da ɗakunan baƙi da wurin ajiya da yara masu dillanci. Falke a gidansa yake sauka, tuwon gidansa yake ci, a hannunsa yake ajiye kaya da kuɗi. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya wallafa bincikensa a 1969, ya nuna yadda maigida yake tsaya wa baƙonsa idan an sayar da shanu bashi. Mahauci ya kasa biya, nauyin yana kan maigida, domin in ya bari baƙo ɗaya ya yi asara labari zai kai Arewa, baɗi ba wanda zai sauka gidansa. Shi maigidan yana ƙarƙashin sarkin unguwar, sarkin kuwa hukumar gari ta san da zamansa. Ka ga mutum guda ya haɗa abin da yau ya watse: shi ne mai ɗaki, shi ne mai lamuni, shi ne shaidar baƙo a gaban mahukunta. Muhimmin abu kuma, rabonsa yana fitowa ne daga cinikin da baƙon ya yi lafiya, don haka zaman lafiyar baƙo cin abincinsa ne. Dillalin biza na yau ya kifar da wannan lissafi. Kuɗinsa cif yake karɓa tun jirgi bai tashi ba, ba shi da ɗaki a can, ba shi da sunan da zai ɓaci a can, kuma duk abin da ya sami mai tafiyar bayan ya sauka ba zai rage masa ko kwabo ba.

Hanyar gabas ma haka take. Alhazan ƙafa suna bi ta Barno da Wadai da Darfur, suna sauka unguwannin 'yan'uwansu, su yi aikin auduga a Jazira su tara guzuri, wasu su shafe shekaru kafin su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Garin Mai Wurno a ƙasar Sudan, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zama babban masaukinsu. Abin da ya sauya tun daga wancan lokaci shi ne, ikon cewa wane ya zauna wane ya tafi ya bar hannun sarkin zango ya koma ofishin shige da fice. Hausawan Gana sun ga ranar da hakan ta tabbata. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice, mutane suka bar gidaje da rumfunan da suka yi shekaru suna ginawa, har da waɗanda a zangon aka yanke musu cibi. Nijeriya ma ta yi wa baƙinta irin wannan a 1983. Tun daga nan, komai karamcin mai masauki, in babu takarda ba zai iya rufa wa baƙonsa asiri ba.

Mu dubi takardar kanta. Saudiyya ce alƙiblar da yawa daga masu barin wannan yanki neman kuɗi, kuma da yawa da bizar umara ko ta ziyara suke shiga. Bizar umara an tsawaita ta zuwa kwana 90 a 2022, amma ba ta halatta wa mai ita yin aiki ba, ta ziyara ma haka, a jikinta ake rubuta wannan sharaɗi. Sau da yawa mai tafiyar bai karanta ba. Hoto ne ya shigo masa ta WhatsApp, ya ga fuskarsa, ya ga tambarin dabino da takubba biyu, hankalinsa ya kwanta. In ya ɗan nuna shakka sai a ce masa, "Alhaji, kai dai ka shiga, in ka shiga ai shi ke nan." Alhali ko shigar ba ta da tabbas. A Satumba 2012 an tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya kimanin dubu a filayen jirgin Jidda da Madina a kan ba su da muharrami, aka dawo da da yawansu, ga bizarsu a hannu. A Nuwamba 2023 wani jirgi ya tashi daga Legas ta Kano da fasinja 264, da ya sauka Jidda aka soke bizar 177 aka juyo da su. Biza izini ce ta ka je bakin ƙofa ka yi sallama, amsawa kuwa tana wurin mai gida.

Wanda ya shiga ya wuce kwanakinsa, a bakin mutanenmu ya zama takari, a idon hukuma kuwa mai laifi ne da doka ta tanadar wa tara har riyal 50,000, ɗauri har wata shida, sannan tarhil, wato a kore shi daga ƙasar. Abin da ba a gaya masa a gida shi ne, duk wani zama na baƙo a ƙasar a kan igama yake rataye, wato katin izinin zama. Da ita ake buɗe asusun banki, da ita ake samun inshorar asibiti, da ita ake sa yaro makaranta. Tun 2018 yarjejeniyar hayar gida ta koma bi ta manhajar gwamnati mai suna Ejar, inda ake shigar da lambar katin mai gida da ta ɗan haya. Marar igama ba shi da abin da zai shigar. Sai ya faɗa hayar bayan fage: wani mai takarda ya kama gida da sunansa, ya zuba mutane a ɗakuna yana karɓar kuɗi a kan kowane kai. Katifu a jere a ƙasa ba masaka tsinke, jakar kowa ita ce matashinsa, taga kullum a rufe, takalma ma ciki ake shigar da su kada maƙwabci ya ƙirga. Ba rasit, ba wa'adi. A ƙara maka kuɗi ka biya, a kore ka da tsakar dare ka tafi, domin ofishin da za ka kai ƙara shi ne zai fara riƙe ka. Ga mace abin ya fi muni, saboda sau da yawa mai ɗakin shi ne ko ita ce mai samo mata aikatau, albashin ta hannunsa yake biyowa, in ta ƙi wani gida da ake wulaƙanta ta, ta rasa aikin da makwancin a rana ɗaya.

Shekaru da yawa abin da ya rufa wa irin waɗannan asiri shi ne tsofaffin unguwannin Jidda, irin su Karantina da Sabil da Kandara da Hindawiyya da Gulail, inda 'yan Afirka ta Yamma da Yamalawa da wasu baƙi suka yi zaman iyaye da kakanni, haya da sauƙi, ba mai yawan tambaya. Daga ƙarshen 2021 zuwa cikin 2022 hukumomi suka sa katafila a unguwanni fiye da 60 na birnin. Ƙungiyar Amnesty International ta ce rusau ɗin ya shafi mutum wajen rabin miliyan, kuma diyya ta 'yan ƙasa ce, baƙi ba sa ciki. Kuɗin haya ya tashi a sauran unguwanni, wuraren da ake shiga ba takarda suka ragu. Saboda haka mutumin Ƙiru ko Doguwa da yake lissafinsa a kan labarin wanda ya je shekara goma da suka wuce, yana lissafi ne a kan unguwar da wataƙila yau fili ce.

Kada a ɗauka wannan halin Saudiyya ce kaɗai. A Ingila, tun Fabrairu 2016 doka ta ɗora wa mai gida ya duba izinin zaman ɗan haya kafin ya miƙa masa makulli, in ya yi sakaci a ci shi tara, kuma ɗalibin da ya sauka da takardunsa cikakku ma yakan tarar ana neman mazaunin ƙasar da zai tsaya masa. Ko a maƙwabtanmu, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 ta ba ɗan yankin ya shiga ba biza, wanda zai zauna ya wuce haka sai ya nemi takardar zama.

Za a ce, mai wannan magana bai san talauci ba. Wannan hujja ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Tun da aka saki darajar naira a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin shekara guda, riyal kuwa a ɗaure yake da dala, 3.75 a kowace ɗaya. A wancan farashi, wadda ta iya turo riyal 500 a wata ta turo naira 200,000, kusan ninki uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ga gidajen bulo da kuɗin can ya gina, kowa yana gani, ga aurarrakin da ya yi. Manomin da taki ya fi ƙarfinsa bai yi wauta ba don ya yi wannan lissafi. Amma lissafin rabi ne. Gidan wanda ya dace a bakin hanya yake, wanda aka kwaso daga tarhil da kayan jikinsa kuwa cikin dare yake shigowa gari, ya yi shiru don kunya, an ɗauki hoton yatsunsa, ƙofar komawa neman aiki ta rufe masa. Faɗuwar nairar da ta ƙara wa riyal daraja ita ce kuma ta ninka kuɗin jirgi da na dillali, wato abin da ake sayarwa don a tafi ya ƙaru. Fadamar da ake nomawa rani da damina a gefen madatsar Tiga, in ta fita hannu ba ta dawowa da sauƙi. Ban ce kada a tafi ba. Na ce talaka shi ne ya fi kowa buƙatar ya san inda zai sauka, domin shi ne ba shi da gona ta biyu da zai sayar.

Za a kuma ce Bahaushe ba ya rasa masauki, akwai yaya a Makka, akwai gwaggo a Jidda, zumunci bai mutu ba. Bai mutu ba, shi ya sa ma ya kamata a tausaya wa masu riƙe da shi. Dokar Saudiyya ta tanadi tara har riyal 100,000 da ɗauri ga wanda ya ɓoye ko ya ba marar takarda aiki ko makwanci, in baƙo ne kuma a kore shi. Ƙanin da ya diro wa yayarsa ba shiri ya sa ta zaɓi tsakanin jininta da igamar da ta yi shekaru tana wahala a kanta. Masu takardar ma a matse suke: tun Yuli 2017 ake karɓar haraji a kan kowane mutum da baƙo yake riƙo, daga riyal 100 a wata har ya kai 400 a 2020. Akwai kuma masu cewa ƙasar Allah ce, ƙaunar Manzo ce ta kai su. Wannan shauƙi na gaskiya ne, shi ya ɗauki kakanninmu a ƙafa har Sawakin. Sai dai wanda ya nemi bizar umara ya ɗauki alƙawarin zai yi ibada ya fito, cika alƙawari kuwa ba sai an tuna wa Musulmi matsayinsa ba. Kuma idan ya saɓa, ba shi kaɗai yake biya ba. Ana cin kamfanin da ya kawo shi tara, kamfanoni su tsaurara sharuɗɗa, tsoho mai niyyar ibada zalla ya zo ya tarar ana yi masa kallon mai shirin gudu.

Hujjar da ta fi duka ƙarfi ita ce, masu bin hanyar doka ma suna shan wuya. Gaskiya ne. Tsarin kafili ya ɗaure zaman ma'aikaci a hannun mai ɗaukarsa, kuma gyaran da Saudiyya ta yi a Maris 2021, wanda ya sassauta canjin aiki da fita ƙasar, bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, alhali nan ne mutanenmu suka fi yawa. Ana riƙe wa mutane fasfo duk da doka ta hana, ana hana su albashi, wanda ya gudu kuma kafili ya kai rahotonsa ya koma marar takarda. Akwai ma abin da dillalai ke kira firi biza, wadda babu ita a doka: kafili ne na suna, kana biyansa yana sabunta maka igama, ranar da aka same ka kana aiki a wani wuri kai ne mai laifi. Duk da haka, bambancin da ke tsakanin mai kwangila da takari babba ne. A doka, mai ɗaukar ma'aikaci shi ne mai biyan kuɗin ɗauko shi da na igamarsa, mai aikin gida kuma wajibi ne a ba ta makwanci, kwangilarta tana rubuce a manhajar Musaned. Idan an cuce ta akwai suna da lambar wanda ya cuce ta, akwai ofishin sasanta rigingimun ƙwadago, akwai ofishin jakadancin Nijeriya a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. Takarda ba ta sa mugu ya zama nagari, amma tana samar da mutum guda sananne wanda alhakinka ke wuyansa, abin da maigidan zango yake yi wa falke ke nan. Inda takardar ta gaza, aikin gwamnatin Nijeriya ne ta matsa a gyara ta hanyar yarjejeniyar ƙwadago, kuma ta daɗe tana jan ƙafa a wannan.

To, me ya rage ga mai niyya da danginsa? Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, ita ke ba kamfanonin hajji da umara lasisi, kuma tana fitar da sunayensu. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ita ke ba masu ɗaukar ma'aikata zuwa waje lasisi. Lasisin umara dabam, na ɗaukar aiki dabam, duk wanda ya yi maka alƙawarin aiki da takardar umara ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, tana da ofishin shiyya a Kano, ana iya kai mata ƙorafi tun kafin a tafi. Dagatai da masu unguwanni, waɗanda a gabansu ake cinikin gona da jingina, suna da damar tambayar mai sayarwa sunan kamfanin da sunan kafilin kafin su sa hannu, kuma sakatariyar kowace ƙaramar hukuma daga cikin huɗun nan, Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, za ta iya liƙa sunayen masu lasisi a allon sanarwa ba tare da ta kashe wani abin kirki ba. Mai tafiyar kuma ya nemi a ba shi kwangilar a rubuce, ya ga wane aiki ne, nawa ne albashi, wa zai ba da ɗaki, a wane gari, sannan ya yi magana da mai masaukin baki da baki ta waya. Dillalin da ya ce ba sai an ga takarda ba, a bar masa bizarsa. Kwangilar da Larabci take zuwa, kuma daga Bebeji har Doguwa babu unguwar da ta rasa malamin da ya iya Larabci. A kai masa ya karanta ta layi-layi a gaban iyaye, kafin a biya ko sisi.